Wai me Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya take yi kan zaman lafiya da shugabanci nagari? Tambayoyi da amsoshi

Ɗalibai da yawa, musamman masu karanta kimiyyar siyasa da nazarin sasanta rikici, suna yawan tambaya kan wannan jami'a. Wasu sun ɗauka irin BUK ko ABU ce da za ka cike fom ka samu gurbi ka je ka zauna a hostal, wasu kuma sun ɗauka wata ƙungiyar rabon tallafi ce. To duka biyun ba haka abin yake ba, kuma ya kamata mu san ta sosai tunda wani ɓangare na binciken da take yi a kanmu ake yin sa, a Borno da gaɓar Tafkin Chadi.

Da farko dai, wai da gaske Majalisar Ɗinkin Duniya tana da jami'a?

Ƙwarai kuwa tana da ita, ana ce mata UNU a taƙaice. U Thant ɗan ƙasar Burma, wato Myanmar ta yanzu, wanda shi ne Babban Sakataren Majalisar a lokacin, shi ya kawo shawarar a 1969, Babban Zauren Majalisar ya amince da kundin tsarinta a Disamban 1973, ta fara aiki a Tokiyo a 1975. Japan ce ta ɗauki nauyin ba ta masauki ta kuma yi alƙawarin zuba dala miliyan 100 a asusunta, shi ya sa hedikwatar take can har yau a unguwar Shibuya.

Amma fa kar ka ɗauka duk aikin a Tokiyo ake yi. Cibiyoyi 13 gare ta a ƙasashe 12, kowacce da fanninta, akwai ta tattalin arziki a Helsinki ta ƙasar Finlan, akwai ta muhalli da tsaron ɗan'adam a Bon ta Jamus, ta lafiya a Kuwala Lumfur, ta albarkatun ƙasa a Afirka kuma tana cikin Jami'ar Gana da ke Legon a Akara. Shugabanta tun Maris 2023 Farfesa Tshilidzi Marwala ne ɗan Afirka ta Kudu, injiniya ne masanin ƙirƙirarriyar basira wanda ya taɓa shugabantar Jami'ar Johannesburg, shi ne na bakwai kuma ɗan Afirka na farko da ya riƙe wannan kujera.

To in ba ɗalibai take tarawa ba, me take yi kenan?

Asalin aikinta bincike ne, wato ta zama wajen da Majalisar da ƙasashe za su samu ilimi mai hujja kafin su yanke shawara. Ai shekara da shekaru ma ba ta ba da digiri kwata-kwata, sai a ƙarshen 2009 aka yi wa kundinta gyara aka ba ta damar ba da digiri na biyu da na uku. Ɗalibanta ba su da yawa har yanzu, masu bincike su ne ƙashin bayanta.

Wace cibiya ce take kula da zaman lafiya da harkar mulki?

Ba ɗaya ba ce. Wadda ta fi kusa da teburin da ake yanke hukunci ita ce cibiyar binciken manufofi, UNU-CPR, an kafa ta a 2014, yanzu tana New York dab da hedikwatar Majalisar kuma tana da ofis a Jeniba. Ita ce take duba abubuwa irin su aikin sojojin kiyaye zaman lafiya, takunkumin da Kwamitin Sulhu yake ƙaƙaba wa mutane da ƙungiyoyi da ko ana yi musu adalci wajen saka su da cire su, hana rikici kafin ya ɓarke, safarar mutane da bautar zamani. Ita ce ma ta yi wa wani kwamitin manya masu ba da shawara aikin sakatariya, wanda Ellen Johnson Sirleaf tsohuwar shugabar Laberiya da Stefan Löfven tsohon firaministan Suwidin suka jagoranta, suka fitar da rahoto a Afrilun 2023 kan yadda za a gyara tsarin haɗin kan ƙasashen duniya, gabanin babban taron makomar duniya na Satumban 2024.

Sai ta Helsinki, UNU-WIDER, wadda ita ce babbar yaya a cikinsu tunda tun 1985 take aiki, tana duba talauci da rashin daidaito da haraji da irin tabon da yaƙi yake bari a jikin hukumomin ƙasa. Akwai ta Burush a Beljiyam mai nazarin ƙungiyoyin yanki irin su ECOWAS da Tarayyar Afirka da Tarayyar Turai, akwai ta Gimarayesh a Fotugal mai kula da yadda gwamnati za ta yi wa jama'a aiki ta intanet, sannan ta Mastirik a Holan mai koyar da tsara manufofin gwamnati. Duk suna jingina aikinsu da muradi na 16 cikin muradun ci gaba 17 da aka amince da su a 2015, wanda yake magana kan zaman lafiya da adalci da hukumomi masu ƙarfi.

Malam, duk wannan can ne a Turai. Mu me ya taɓa haɗa mu da su?

Yauwa, nan ne zan ɗan daɗe, don shi ne ya sa na damu da maganar tun farko.

A 2018 jami'ar ta fitar da wani babban bincike mai suna Cradled by Conflict tare da UNICEF da sashen kiyaye zaman lafiya na Majalisar, kan yadda yara suke faɗawa hannun ƙungiyoyi masu ɗauke da makami da yadda suke fitowa. An yi aikin a Siriya da Iraƙi da Mali da kuma Najeriya. Kafin nan abin da kowa yake faɗa a tarurruka shi ne aƙida, aƙida, wai an wanke wa yaran ƙwaƙwalwa ne shi kenan, don haka maganin shi ne a sake wanke ta da wa'azi. Da aka je aka zauna da yaran kansu sai aka ga aƙida ba kasafai take zama babban dalili ita kaɗai ba. Wani kama shi aka yi da ƙarfi, wani yunwa ce, wani yayansa ne ko abokansa suka shiga ya bi su, wani ramuwar gayya ce kan abin da aka yi wa gidansu, wata kuma aure aka yi mata a ciki tana ƙarama. Kuma akwai maganar da ta fi tsaya min a rai, cewa a garin da 'yan bindiga suka mamaye sau da yawa yaro ba shi da zaɓin cewa ni ba ruwana, ko dai ya bi ko ya ɗanɗana kuɗarsa. Wanda ya rayu a ƙauyukan Bama ko Gwoza ko Marte a shekarun 2014 da 2015 ya san wannan tun kafin a rubuta, amma rubuta shi da hujja a takardar da jakadu za su karanta ya canza yadda ake kallon yaran, daga masu laifi zalla zuwa yaran da su ma an zalunce su.

Bayan wannan sai aka buɗe wani shiri mai suna MEAC, wanda aikinsa bin diddigin yadda mutane suke fita daga ƙungiyoyin yaƙi su koma cikin jama'a. A UNU-CPR ya fara, daga baya ya koma ƙarƙashin UNIDIR, cibiyar Majalisar mai binciken kwance ɗamara a Jeniba. Sun yi aiki a Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru da Iraƙi da Kolambiya. Abin da ya bambanta shi da binciken sha-yanzu-magani-yanzu shi ne ba sau ɗaya ake tambayar mutum a tafi ba, ana komawa gare shi bayan watanni ta waya ko ido da ido, ana tambayar tubabben, ana tambayar maƙwabcinsa da bai taɓa shiga komai ba, ana tambayar 'yan kato-da-gora da bulamai da matan da suka dawo daga daji da 'ya'ya. Sun ma duba yadda lalacewar noma da kiwo da kamun kifi saboda canjin yanayi yake tura wasu hannun ƙungiyoyin, daga baya kuma suka leƙa matsalar 'yan bindigar Arewa maso Yamma.

Wato su ne suka kawo mana tsarin yafe wa tubabbun Boko Haram?

A'a, wannan kuskure ne da ake yawan yi. Shirin Operation Safe Corridor na gwamnatin tarayyar Najeriya ne, sojoji ke jagorantarsa, an fara shi a 2016 kuma sansaninsa yana Malam Sidi a jihar Gombe. Tsarin jihar Borno kuma ya taso ne bayan mutuwar Abubakar Shekau a Mayun 2021 lokacin da dubban mutane suka riƙa fitowa daga daji suna miƙa wuya, mayaƙa da iyalansu da manoman da aka tsare. Nijar ma ta buɗe nata sansanin a Gudumariya cikin jihar Difa. Duk waɗannan shawarar gwamnatoci ce.

Aikin masu bincike shi ne su auna, shin abin yana aiki ko ba ya yi? Wanda aka koya wa ɗinki ko aski aka ba shi jari aka sallame shi, bayan shekara yana ina, yana sana'ar ko ya sayar da keken? Unguwar ta karɓe shi ko ana nuna shi da baki? Wane ne ya fi komawa daji, kuma me ya mayar da shi?

Ni dai ra'ayina, fushin da mutanen sansanin 'yan gudun hijira suke yi fushi ne mai dalili, ace wanda ya ƙone maka gida an ba shi jari kai kuma kana layin karɓar garin masara, wallahi ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk wanda ya raina wannan ƙorafin bai san zafin abin ba. To amma ta yaya wannan kukan zai isa kunnen masu ba da kuɗi a New York da Burusal in ba a rubuta shi da alƙaluma ba? Bincike mai kyau shi ne yake nuna musu cewa in ka tallafa wa tubabbe ka bar wanda aka zalunta, ka shuka wani sabon rikicin. Shi ya sa nake ganin ƙin amsa tambayar masu bincike na gaskiya asara ce gare mu, mu ne muryarmu take ɓacewa.

Ba leƙen asiri ba ne kuwa suke yi da sunan bincike?

Tambaya ce mai kyau kuma bai kamata a yi wa mai yin ta dariya ba, mutanen da suka ga abin da suka gani dole su yi taka-tsantsan. Ƙa'idar binciken ilimi ita ce kafin a fita fili sai wani kwamitin ɗa'a ya duba tambayoyin ya amince, sai an gaya maka waye yake binciken da abin da za a yi da amsarka, sai ka yarda da bakinka, kana da damar ƙin amsa kowace tambaya ko ka ce a tsaya a tsakiya, kuma ana raba sunanka da amsarka ta yadda mai karanta rahoton ba zai gane kai ne ba. In yaro ne sai da yardar iyaye ko mai kula da shi.

Don haka in wani ya zo da waya ko takarda yana tambayoyi, tambaye shi kai ma. Wa ya aiko ka? Mai unguwa ya sani? Ina shaidarka? Me za a yi da sunana? Mai bincike na gaskiya ba ya jin haushin waɗannan, an ma koya masa amsarsu. Wanda ya fara kame-kame ko ya ce sai ka ba shi lambar BVN ko NIN, rabu da shi.

Shi kuma shugabanci nagari ta yaya ake bincikensa, ba wa'azi ba ne kawai?

Mutane da yawa in an ce shugabanci nagari sai su tuna taron otal da ake raba jaka da biro a ci abinci a watse. Amma abin ana auna shi. Misali UNU-WIDER tana riƙe da wata babbar taskar alƙaluma ta kuɗin shigar gwamnatocin duniya tun daga 1980, kyauta ce kowa zai iya saukewa, za ka ga nawa ƙasa take samu daga haraji nawa daga mai ko ma'adinai nawa daga tallafin waje. Me ya haɗa wannan da mulki? Gwamnatin da take rayuwa da harajin jama'a dole ta saurare su tunda a aljihunsu take ci, wadda kuma take jiran kason mai daga Abuja duk ƙarshen wata ba ta jin dole ta yi wa kowa bayani. Hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta ce harajin da aka tara a 2021 kusan kashi 11 cikin 100 ne na arzikin da ƙasar take samarwa, wanda yana cikin mafi ƙanƙanta a duniya, to ka ga ɗalibin da yake son rubuta kundin digiri kan me ya sa ƙaramar hukumarsu ba ta yin komai yana da inda zai fara.

Suna da wata taskar ta rashin daidaiton samu tsakanin masu kuɗi da talakawa, suna kuma da wani tsarin kwamfuta da ake gwada manufa a ciki kafin a aiwatar da ita, wato in aka ƙara harajin kaya ko aka fara biyan tsofaffi alawus su wa za su amfana su wa za su ji jiki, an gina wa Gana nata da Tanzaniya da Yuganda da Zambiya da Mozambik.

Ita kuma cibiyar Fotugal tana aiki da sashen tattalin arziki na Majalisar wajen auna shafukan intanet na manyan birane, shin ɗan gari zai iya ganin kasafin kuɗi, ya biya haraji, ya kai ƙorafi a amsa masa ba tare da ya san wani a ofis ba. Babban taronta na shekara-shekara, ICEGOV, a Abuja aka yi na 2025. Kar a raina wannan fannin fa, duk inda aka rage haɗuwar ɗan ƙasa da ma'aikaci ido da ido kan takarda an rage ƙofar na-goro.

Wa yake biyan kuɗin, kuma mai biya ba shi yake juya akalar ba?

Jami'ar ba ta karɓar ko sisi daga kasafin kuɗin Majalisar na yau da kullum. Ribar asusun ajiyarta take ci, da gudummawar ƙasashen da suka ba cibiyoyinta masauki, da kuɗin ayyukan da gwamnatoci da gidauniyoyi suke ɗaukar nauyi. Kundinta ya ba ta 'yancin zaɓar abin da za ta bincika da wanda za ta ɗauka aiki da 'yancin faɗin abin da ta gano, kuma wannan yana da amfani sosai don akwai gaskiyar da ma'aikacin Majalisar ba zai iya faɗa ba saboda tsoron ɓata wa wata ƙasa rai, amma mai bincike zai rubuta ta.

Sai dai mu faɗi gaskiya, 'yanci a takarda daban, kuɗi daban. Mai kuɗi ba sai ya ce maka rubuta kaza ba, ya isa kawai ya ce ni wannan fannin zan biya. Shi ya sa za ka ga hijira zuwa Turai da ta'addanci suna samun kuɗin bincike da sauri, amma rikicin filaye tsakanin manoma da makiyaya ko lalacewar kotunan ƙasa ko yadda ake naɗa hakimai, waɗanda su ne suke cin mutanenmu kullum, sai a daɗe ba a waiwaye su ba. Yanzu kuma aljihun ya ƙara tsukewa tun da Amurka ta rushe hukumar USAID a 2025 kuma ita kanta Majalisar tana fama da ƙarancin kuɗi tana rage ma'aikata, binciken da yake buƙatar bin mutane shekara da shekaru shi ya fi shan wahala a irin wannan yanayi.

Akwai wani abin da kake ganin ba su kyauta ba?

Akwai, kuma ba su kaɗai ba, kusan duk manyan cibiyoyin binciken duniya ne. Na farko harshe. A yi hira da tsohuwa da Kanuri ko Hausa ko Fulatanci, ta ba da labarin da ya fi komai ciwo a rayuwarta, a rubuta rahoto da Turanci a ɗora a intanet, ita ba za ta taɓa jin me aka gano ba. Mene ne wahalar a mayar da sakamakon shirin rediyo na minti goma sha biyar, ko a koma a tara mutanen unguwar a gaya musu ga abin da kuka faɗa ga inda muka kai shi? Wannan haƙƙinsu ne.

Na biyu matsayin 'ya'yanmu a cikin aikin. Sau da yawa matasan Maiduguri da Difa da Marwa su ne suke shiga inda ake tsoron shiga, su ne suka san wace tambaya ce za a yi wa bazawara da wadda ba a yi, su suke fassara, amma in aka zo zana tambayoyin tun farko ko nazarin alƙaluman ko sa suna a bangon rahoto sai ka ga ba su da yawa. An fara gyarawa, ana ganin sunayen 'yan yankin a rahotanni fiye da da, amma da sauran aiki. Kuma wani laifin namu ne, jami'o'inmu ba sa koyar da nazarin alƙaluma yadda ya kamata, ɗalibi ya gama mastas bai taɓa buɗe manhajar lissafin bincike ba, to ta yaya zai jagoranci aikin?

UNU ɗin ita ce Jami'ar Zaman Lafiya da ake cewa tana Kosta Rika?

A'a, biyu ne daban. Ta Kosta Rika ana ce mata UPEACE, Babban Zauren Majalisar ne ya kafa ta a Disamban 1980 bisa shawarar shugaban ƙasar na lokacin Rodrigo Carazo, kuma an zaɓi wajen da ya dace tunda Kosta Rika ta soke rundunar sojanta tun 1948. Ita ta fi karkata ga koyarwa, mastas kan zaman lafiya da dokokin ƙasa da ƙasa da muhalli, ana biyan kuɗin makaranta sai dai in ka samu tallafi, kuma tana da shirin Afirka a Adis Ababa wanda ya tallafa wa masu digirin dakta na jami'o'in nahiyar.

Akwai ta uku ma da ya kamata ɗalibanmu su sani, Jami'ar Tarayyar Afirka, wadda cibiyarta ta harkar mulki da haɗin kan yanki take Jami'ar Yawunde ta Biyu a Kamaru, wata cibiyar tata kuma tana Ibadan. Waɗanda aka ɗauka Tarayyar Afirka ce take ɗaukar nauyinsu, kuma ga ɗan Garwa ko Ngaundere ko Yola ai kusa ce.

To ni ɗalibi ne, ta ina zan shiga?

Ya danganta da matakin da kake. In digirin farko gare ka kana neman mastas, duba na Mastirik kan manufofin gwamnati da ci gaban ɗan'adam wanda ake yi tare da jami'ar garin, ko na Bon kan haɗurran muhalli da tsaron ɗan'adam wanda hukumar DAAD ta Jamus take ba 'yan ƙasashe masu tasowa sukolashif a kansa, ko na Tokiyo kan ci gaba mai ɗorewa. Duk da Turanci ake yi, don haka 'yan'uwanmu na Nijar da Chadi da suka yi karatu da Faransanci sai sun dage da shi tun da wuri.

In kuma kana cikin digirin dakta a jami'arka ta gida, UNU-WIDER tana gayyatar irinku ku je Helsinki wata uku ku yi aiki kan kundinku tare da masanansu, su biya kuɗin jirgi da alawus, kuma suna ƙarfafa wa mata da 'yan ƙasashe masu tasowa gwiwa su nema. Wannan a ganina ta fi dacewa da malaman jami'o'inmu matasa don ba sai ka bar aikinka ba.

Abin da yake kayar da mutanenmu ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, yawanci takardar bayanin bincike ce. Sai mutum ya rubuta zan binciki matsalar tsaro a Arewacin Najeriya, wannan ai teku ce ba mai iya shanye ta. Ƙanƙance shi. Ka ce zan duba sulhun da aka yi da 'yan bindiga a ƙananan hukumomi biyu, ɗaya ya ɗore ɗaya ya rushe, me ya bambanta su, wa zan tambaya, ta yaya zan kare su daga haɗari. Ka nuna ka karanta abin da aka riga aka rubuta, ka nuna kana da harshen da sanin wajen da wani daga waje ba shi da su, don wannan shi ne jarinka. Ki nema ke ma 'yar'uwa, akwai ɗakunan da namiji ba zai taɓa shiga ya yi tambaya ba, kuma rabin labarin rikicin nan a can yake.

Kar kuma a raina na gida. Jami'ar Ibadan ta daɗe tana koyar da nazarin zaman lafiya, akwai cibiyar zaman lafiya da sasanta rikici ta gwamnatin tarayya a Abuja, akwai Gidan Mambayya na BUK a Kano, akwai LASDEL a Yamai da suka yi suna wajen binciken yadda asibitoci da kotuna da ofisoshin gwamnati suke aiki a zahiri, akwai cibiyar Kofi Annan mai horar da masu aikin kiyaye zaman lafiya a Akara da CODESRIA, ƙungiyar masu binciken kimiyyar zamantakewa ta Afirka, a Dakar. Yawancin waɗanda manyan cibiyoyin waje suke ɗauka daga irin waɗannan wuraren suka fara.

An turo min saƙo wai jami'ar Majalisar za ta ba ni digirin girmamawa da muƙamin jakadan zaman lafiya in na biya kuɗin rajista, gaskiya ne?

Kar ka biya ɗan'uwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta karɓar kuɗi a kowane mataki na ɗaukar aiki, kuma ba ta sayar da muƙami. Manzannin zaman lafiyarta 'yan kaɗan ne, Babban Sakatare ne da kansa yake naɗa su, irin su Malala Yousafzai da aka naɗa a 2017. Ƙungiyoyi da yawa suna ɗora tambari mai kama da na Majalisar su shirya biki a otal su rataya wa mutum lambar yabo bayan ya biya, kuma abin takaici har manyan mutane da sarakuna ana yaudara da wannan. Duk sanarwar gurbin karatu ko aiki ta gaskiya za ka same ta a shafin jami'ar, unu.edu, ko shafin cibiyar da abin ya shafa. In saƙon ta WhatsApp ya zo, ko imel ɗin da aka turo shi da shi na Gmail ne, ko aka ce ka tura kuɗi asusun wani mutum kafin gobe, goge shi ka kuma gargaɗi wanda ya turo maka.